Waiwaye: Peter Lacy, ɗan gudun hijirar Ayalan da ya kai sojan Rasha Kirimiya

Yaƙin Rasha da Yukiren ya sa Kirimiya da Tekun Azov sun zama sunayen da ake ji kullum a rediyo. Rigimar wannan yanki daɗaɗɗiya ce, kuma cikin janar-janar na farko da suka kutsa da rundunar Rasha can, kusan shekara 300 baya, akwai wani baƙo mai suna Peter Lacy. An haife shi a 1678 a Killeedy, gundumar Limerick ta ƙasar Ayalan.

Rikicin sarauta da addini ne ya raba shi da gida. Katolikan Ayalan sun mara wa Sarki James na Biyu baya, William na Orange, Furotestan da ya ƙwace masa sarautar Ingila, ya ci su da yaƙi, aka ƙulla yarjejeniyar Limerick a 1691. Yarjejeniyar ta yarje wa sojojin da aka ci su shiga jirgi su tafi Faransa, fiye da 10,000 suka bi jagoransu Patrick Sarsfield. Lacy na cikinsu, yana ɗan shekara 13. Waɗanda suka zauna kuwa, dokoki suka yi ta hawa kansu: Bakatolike ba ya riƙe makami, ba ya zama hafsan soja, daga baya ma aka hana shi sayen fili. Saurayin da ya tashi bai san wata sana'a ba sai ta takobi, dole ya nemi sarkin da zai ɗauke shi a ƙasar waje.

Ya yi wa Faransa yaƙi har sulhun Ryswick na 1697, aka rage sojoji, ya koma Ostiriya. A 1700 ya shiga hidimar Sarki Peter Mai Girma na Rasha, wanda a lokacin yake neman ƙwararrun Turawa ruwa a jallo don su gyara masa runduna. Lacy ya ji rauni a Poltava a 1709, ranar da aka karya ƙarfin Suwidin. Tsakanin 1719 da 1721 ya yi ta sauke dakaru a gaɓar Suwidin suna ƙone garuruwa da maƙerun ƙarfe. A 1729 aka ba shi gwamnan Riga, a 1736 ya kai muƙamin fil mashal, wato ƙololuwar muƙamin soja, a shekarar ce kuma ya ƙwace garin Azov daga hannun Turkawa.

Sunansa ya fi fita a 1737. Ƙofar Kirimiya ta ƙasa guda ɗaya ce, wato mashigar Perekop, kuma a nan Sarkin Tatar, mai mulkin Kirimiya a ƙarƙashin Turkawa, ya ja daga yana jira. Lacy bai je can ba. Ya kafa gada ta jiragen ruwa, ya haye da rundunarsa kan Arabat, wani siririn tudun yashi mai tsawon fiye da kilomita 100, teku a hagu, tafkin gishiri na Sivash a dama, ga rana, ga ƙishirwa. Ana ba da labarin cewa manyan hafsoshinsa sun zo tantinsa suka ce a koma, hanyar halaka ce. Sai ya sa a rubuta musu takardun sallama, ya ce duk mai son gida ga hanya nan. Suka ba da haƙuri suka bi shi. Da Sarkin Tatar ya garzaya ya tare ƙarshen tudun, sai Lacy ya sa aka ɗaure ganguna da katako, rundunar ta ƙetare tafkin ta faɗa tsakiyar ƙasar ta bayansa.

Dabara ce ta gwani, ba musu. Amma abin da ya biyo baya yana ci mini rai. Rundunar ta ƙone Karasubazar, babban garin kasuwar Tatar Musulmi, da ƙauyuka masu yawa. Gaskiya ne mahayan Tatar sun daɗe suna kai hari ƙasashen Rasha da Yukiren suna kama bayi, hujjar Rasha ke nan. Sai dai wanda aka ƙona wa rumbu manomi ne, kuma wanda ya ba da umarnin mutum ne da ya san ɗacin a kore ka daga ƙasar ubanka saboda addininka. Ciwo da rashin ruwa da na ciyawar dawakai suka kori rundunar ta fice. Sulhun Rasha da Turkawa na 1739 ya bar wa Rasha Azov bisa sharaɗin rushe ganuwarsa, Kirimiya kuwa ba ta shiga hannunta ba sai 1783.

Yaƙinsa na ƙarshe da Suwidin ne: ya ci Villmanstrand a 1741, a 1742 rundunar Suwidin ta miƙa wuya gare shi a Helsinki. Ya rasu a Riga a 1751. Ɗansa Franz Moritz, haifaffen St. Petersburg, shi ma ya zama fil mashal, amma a rundunar Ostiriya.