Mota mai buɗaɗɗen sama da sankarar fata: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk wanda ya sayi motar nan da ake yaye rufinta, tambayoyinsa iri ɗaya ne da na wanda ya riga shi. Na tara su nan. A karanta kafin a sake tambayata.

Da gaske rana tana jawo sankara?

E. Hasken UV da ke cikinta, wanda ido ba ya gani, yana lalata ƙwayoyin fata, ɓarnar kuma taruwa take yi shekara da shekaru. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta daɗe da sanya hasken rana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Ai ni ba na jin zafi in ina gudu, iska ce ke kaɗa ni.

Malam, wannan maganar ce ta fi ɓata min rai. Zafi daban, UV daban. Iskar tana busar da zufa, tana sanyaya maka jiki, amma ba ta rage hasken ko ƙanƙani. Wanda ke tsaye a rana, zafi zai kore shi inuwa cikin minti 20. Kai kuwa za ka yi awa uku ƙeya da kunne a buɗe, kana jin daɗi, fatarka tana gasuwa. Ɗan acaɓa da masu hawa bayan a-kori-kura, da ku ma nake.

To in na rufe saman na tsira?

Ka rage da yawa, amma da saura. Gilashin gaba yana da leda a tsakiyarsa, yana tare kusan duka. Na gefe yana tare UVB, mai ƙona fata, amma wani kaso na UVA, mai shiga can ciki, yana wucewa. A 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota a Amurka, ɗan shekara 69, da ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen hagu na fuskarsa, mai kallon taga, ya yamutse ya yi kauri, kamar ba fuskar mutum ɗaya ba. Mu ma a hagu direbanmu ke zama. Ka daina leƙo da gwiwar hannu ta taga.

Ba cutar Turawa ba ce? Mu ai baƙaƙe ne.

Baƙar fata tana da kariya, ba na musu, kuma cutar ta fi yawa nesa ba kusa ba a wurare irin Ostareliya. Amma tana kama mu, kuma mu a makare ake gano ta, don mun sa wa ranmu ba tamu ba ce. Sankarar fata ce ta kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, ta faro ne daga yatsan ƙafa. Irin tasa ba a ɗora wa rana alhakinta, na kawo shi ne don a daina cewa ba ta kama baƙi.

Zabiya kuwa, ina roƙo don Allah kada a ɗauke shi a buɗaɗɗiyar mota da rana tsaka. Hajiya mai shafa man bilicin, ke ma kin rage garkuwar da aka halicce ki da ita, sai ki kiyaye fiye da kowa.

Zan yi tafiya daga Kano zuwa Abuja. Ga zufa, ga alwala. Sau nawa zan shafa man kariya?

Wannan kam ya danganta. Abin da aka saba faɗa shi ne ka nemi mai lamba SPF (ma'aunin ƙarfin kariyar man) 30 ko sama, wanda aka rubuta yana tare UVA da UVB, ka shafa minti 15 zuwa 20 kafin fita, ka sake bayan kowace awa biyu. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, SPF 50 kuma kusan 98, amma sai in an shafa da kauri. Yawancin mutane ɗan dangwala suke yi. Fuska da wuya kaɗai suna buƙatar kamar tsawon yatsu biyu.

To amma awa biyun nan ba ta san da alwala ba. Alwala fuska take wankewa, da hannu har gwiwa, da kunne, wato daidai inda rana ke duka. Don haka in ka tsaya azahar a Kaduna, ka ɗauka man ya tafi, ka bari jiki ya bushe ka sake. Masu jure ruwa ma minti 40 ko 80 aka rubuta musu, goga tawul kuma yana share su. Ko mai kauri yana hana ruwan alwala isa fata? Wannan na malamai ne, ka kai wa malaminka kwalbar ya duba. Wasu man, masu zinc, suna barin fari-fari a baƙar fata, har mutum ya ji kunyar shafawa. In haka ne ka canza wani, kada ka daina. Kuma kada ka bar kwalbar a aljihun mota, zafi yana lalata shi.

In duk wannan ya yi maka yawa, ba laifi. Ja rufin daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, ka sa riga mai dogon hannu. Ni wannan na fi yarda da shi, don riga ba a mantawa da sake shafa ta.

Hana-salla ta wadatar?

A'a. Kunne da ƙeya a waje suke. Nemi malafa mai igiya, da tabarau mai lamba UV400.

Ranar hadari ko hazo fa?

Suna ragewa, ba sa tarewa duka. Shafa.

Wani tabo ya fito min, in jira in gani?

Kada ka jira. Yawancin tabo ba komai ba ne, ka kwantar da hankalinka. Amma gyambon da ya yi wata bai warke ba, tabon da ke girma, ko ya canza launi, ko yake jini, ko ya wuce milimita 6, ko baƙin layi sabo a farce, likitan fata za ka kai wa a makon nan. Ban da shafa toka, ban da ƙonawa a gida. In an gano da wuri, sau da yawa ƙaramar tiyata ce kawai, a yanke a ɗinke ka koma gida a ranar.