Mece ce dusar ƙanƙara, kuma me ya sa ta fi sauka a kan duwatsu?

Watan Nuwamba a Kaduna ruwa ya riga ya ɗauke, hazo ya fara sauka, masu gwanjon rigunan sanyi a Kasuwar Bacci sun fara ciniki. A daidai lokacin ne kuma rediyo ke kawo labarin cewa a Turai ko Amurka hadari guda ya zubar da dusar ƙanƙara a kan duwatsu, ya tafka ruwa da tsawa a cikin gari. Ƙanena ya ji irin wannan labari muna karin kumallo, sai ya ce, "Yaya, ita wannan dusar ba ƙanƙarar da ke dukan kwanonmu ba ce ta farfashe?"

Ba ita ba ce. Ƙanƙarar da muka sani, mai zuwa da hadari ta yayyaga ganyen masara, ɗigon ruwa ne da iska ta cilla can ƙololuwar gajimare. Can yake daskarewa, ya yi ta tara wani ruwan a jikinsa har nauyi ya rinjaye shi, ya faɗo kamar tsakuwa. Ana tsakiyar zafi ma tana sauka. Dusar ƙanƙara kuwa tururin ruwa ne da ya daskare kai tsaye, ya zama 'yan ƙwayoyi masu kusurwa 6, su manne da juna su sauko sannu a hankali, ko ƙara babu. Wanda ya raɗa mata wannan suna ya iya Hausa. Duk wadda ta taɓa bakace surfe a faifai ta san yadda dusa ke tashi sakayau ta kwanta. Saboda wannan rashin nauyi, tudun santimita 10 idan ya narke, ruwansa bai cika wuce santimita 1 ba.

To, yaya hadari ɗaya ke ba wasu dusa, wasu ruwa? Amsar tana ga tsawo. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Shi ya sa mai tashi daga Kaduna zuwa Jos ba ya manta rigar sanyi. A ƙasashen sanyi yawancin ruwan sama da dusa yake farawa a cikin gajimare. Wadda ta tarar da kan dutse kafin ta shiga iska mai ɗumi sai ta kwanta fara fat, wadda ta gangaro kwari kuwa ta narke a hanya.

Ƙarshen kaka ya fi dacewa da wannan haɗi, domin teku bai gama hucewa daga zafin watannin baya ba, yana ta tururi, ga iska mai tsananin sanyi ta fara kwararowa daga arewa. Inda suka yi karo, mai ɗumin ta haye sama da ƙarfi, hadari ya haɗu, ga walƙiya ga tsawa. Irinsa ne ya auka wa yankin Valencia na Sifaniya ranar 29 ga Oktoba, 2024, ambaliya ta ci rayuka fiye da 200.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ga mazauna can dusar kan dutse rumbu ce. Tana kwance har hunturu ya wuce, sannan ta riƙa narkewa tana shayar da koguna. Kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da jihar Kalifoniya ke amfani da shi daga dusar duwatsun Sierra Nevada yake. Duk wanda ya ga yadda Kogin Kaduna ke janyewa da rani har duwatsun cikinsa su fito, zai gane darajar wannan ajiya. Fargabarsu ita ce ruwa mai ɗumi ya sauka a kanta, ta narke gaba ɗaya, koguna su yi ambaliya.

Dusar ƙanƙara tana sauka a duwatsun Atlas na Maroko, har da Jabal al-Lawz na yankin Tabuka a Saudiyya. Mu kam dutsenmu mafi tsawo, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne, kuma a yankinmu mai zafi wannan tsawo bai isa ba.