Cire tamosta ba ya maganin zafin inji

A garejin Gusau ko Ƙaura Namoda, in aka sa wa tsohuwar motar soja sabon injin dizal ta fara tafasa, abu na farko da bakanike zai ce shi ne: "Alhaji, a cire tamosta, don sanyin Turai aka yi ta." Maganar ta daɗe, amma ba haka take ba.

Tamosta ƙofa ce da ke buɗewa idan zafin ruwan inji ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salsiyas. A injuna da yawa, tana buɗe hanyar lagireto ne ta kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. Ka cire ta, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Injin da kuwa aka cire wa ita bai tafasa ba, sai ya daɗe yana aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya ci kansa da wuri.

Galibi laifin na tsohon lagireto ne, wanda aka auna da ƙaramin inji, yanzu an ɗora masa inji mai ƙarfi, ga ƙurar hunturu ta toshe shi, ga ruwan rijiya ya bar gishiri a bututunsa. A duba fanka ma: in ta yi nisa da lagireto ko ba ta da rumfar da ke kewaye ta don iska ta bi ta cikin lagireto, iskar gefe kawai take ja. Murfin lagireto da ya saki kuwa, ko kuɗin kirki ba ya ci, amma shi kaɗai yana sa ruwa tafasa da wuri.