Wayar majiyyaci a hannun masu bincike: me dokar Turai ta ce?

Ba jin muryoyi kaɗai ke addabar mai cutar ƙwaƙwalwar nan da likitoci ke kira sikizofireniya ba. Akwai mantuwa, da wahalar tattara hankali, da kasa tsara ayyukan yini. Don auna waɗannan, masu bincike sun koma ga wayar majiyyaci. Manhajoji irin su Beiwe, wadda aka ƙera a Jami'ar Harvard, suna ɗaukar inda mutum ya je, da sa'ar da allon wayarsa ya haskaka cikin dare, da yawan kiran da ya yi. Wasu har saurin danna haruffa suke aunawa.

A Tarayyar Turai, dokar da ke tsare wannan fili ita ce GDPR, wato dokar kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Sashe na 9 ya haramta sarrafa bayanan lafiya, sai da wasu dalilai ƙalilan. Inda mutane ke ruɗewa shi ne ganin cewa lokacin kunna waya ai ba bayanin lafiya ba ne. To, da zarar an yi amfani da shi don gane halin ƙwaƙwalwar mutum, ya shiga wannan sahu.

Hanyoyi biyu masu bincike suka fi bi. Ta farko, majiyyaci ya yarda a fili, kuma yana da ikon janyewa duk ranar da ya ga dama. Sai dai yardar da aka bayar gaban likitan da ke rubuta maka magani tana da alamar tambaya, shi ya sa dokar ta ce dole ta zama babu tilas. Ta biyu ita ce rangwamen da aka yi wa binciken kimiyya, bisa sharaɗin kariyar da ke Sashe na 89: a tara iya abin da ake buƙata, a sauya sunaye da lambobi.

Sauya sunan ma bai fitar da bayanan daga ƙarƙashin dokar ba. Taswirar da ke nuna gidan da mutum ke kwana da asibitin da yake zuwa kowace Talata ta isa a gane shi.

Wanda ya karya waɗannan ƙa'idoji, tarar na iya kaiwa Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa.