Magana Jari Ce

Magana Jari Ce jerin littattafai ne guda uku na labarai da hikayoyi, waɗanda Alhaji Abubakar Imam (1911-1981) ya rubuta, aka buga su a Zariya tsakanin 1937 da 1939. Tun asali domin makarantu aka shirya su, saboda a wancan zamani yaran da suka koyi karatun boko a makarantun elamantare na Arewacin Nijeriya ba su da isassun littattafan Hausa da za su ci gaba da karantawa.

Imam, wanda aka haifa a Kagara ya kuma yi karatu a Kwalejin Katsina, ya fara yin suna ne da Ruwan Bagaja, littafin da ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Ganin irin gwanintarsa ya sa East ya nemi a ba da aronsa daga Makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, ya zo Zariya a 1936, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa domin ya samo abin da zai gina aikinsa a kai.

Zaren da ya ɗinke labaran shi ne wani aku mai hikima a fadar Sarki Abdurrahman. A littafi na ɗaya, akun yana ba ɗan sarki, Musa, labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon da mugun Waziri ya ɗana masa, kuma a ƙarshe akun ne aka naɗa Waziri. A na biyu gasar ba da labari ake yi tsakaninsa da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuwa yana horar da ɗansa Fasih ne. Wasu labaran tushensu Alfu Laila ne, wasu kuma daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, amma Imam ya sauya musu sunaye da garuruwa da sana'o'i, ya cusa musu karin magana da ban dariya, har mai karatu ba zai taɓa zaton baƙi ba ne. Wannan shi ne babban abin da ya ɗaukaka littafin, domin da fassara ce kawai, da bai daɗe a hannun yara haka ba.

A aji, malamai sukan sa ɗalibi ya miƙe ya karanta a bayyane, sauran suna bi da ido, sannan a yi tambayoyin auna fahimta, a fitar da karin magana da ma'anar kalmomi masu wuya. Gajartar labaran ta sa ana iya gama ɗaya a darasi guda. A makarantun sakandare da kwalejojin ilimi da jami'o'i kuwa, nazarin jigo da salo da zubi da tsari ake yi, kuma littafin ya sha shiga jerin waɗanda ake yi wa ɗaliban Hausa jarrabawa a kansu. Wahalar da ake fuskanta a yau ita ce kalmomin fada da na yaƙi, irin su lifidi da sulke da barde, waɗanda yaran birni ba su saba ji ba, sai malami ya tsaya ya yi bayani. Kamfanin buga littattafai na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) da ke Zariya ne ya ci gaba da buga littattafan.