Ku daina yanke wa ma'aikaci kuɗinsa don ya je asibiti

Da safiyar Litinin aka turo mana wani dattijo mai gadi a keken marasa lafiya, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Na san shi. Wata bakwai da suka wuce ni na auna shi, na ga jininsa ya hau sosai, na rubuta masa ranar dawowa a bayan katinsa. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba. Da harshensa ya fara warwarewa na ce, "Baba, me ya hana ka dawowa karɓar magani?" Ya ce, "'Yata, in na taho nan wa zai tsaya a ƙofa? Ranar da ban je ba cire min ake yi." Katin na cikin aljihun rigar aikinsa, ya naɗe shi a leda don kada ya jiƙe. Wata bakwai yana yawo da shi.

Na gaji da yi wa marasa lafiya faɗa a kan abin da ba su da iko da shi. Yau da ku nake, masu kamfani, masu shaguna, masu makarantu, 'yan kwangila, shugabannin ƙungiyoyi, har da ku masu 'yan aiki a gida. Roƙona guda ɗaya ne: ku daina cire wa ma'aikaci kuɗin yini don ya je asibiti.

Yallaɓai, duba ginin da kake aiki a ciki. In manaja ya ji kansa na sarawa, sakatare kawai zai gaya wa ya fita, ƙarshen wata albashinsa cif, ga katin inshora a aljihu. Mai sharar da ke goge teburinsa kuwa sai ta yi lissafi tukuna: in ta je an yanke mata, in ta sake zuwa an fara neman wata. Ciwo ɗaya ne ya kama su, ɗaya ya sha magani ya ci gaba da harkarsa, ɗaya kuma sai an ɗauko ta ranga-ranga. Wannan shi ne giɓin lafiyar da muke ta magana a kai, kuma a littafin sa hannu na ma'aikatarka ake fara haƙa shi.

An daɗe da sanin haka. A 1967 aka fara bin diddigin ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan. Bayan shekara goma aka tarar da cewa na ƙasa, irin su masinja da masu tsaron ƙofa, sun ninka manyan jami'ai kusan sau uku a yawan mutuwa, alhali asibiti kyauta ne ga kowannensu. Farfesa Michael Marmot, wanda ya ci gaba da binciken daga 1985, ya nuna cewa rashin iko da yadda mutum ke tafiyar da aikinsa yana cikin abubuwan da ke janyo ciwon zuciya. To in haka abin yake a inda magani kyauta ne, yaya wanda zai biya kuɗin magani, ya biya na mota, sannan a yanke masa na yini?

Masu ciki su ne suka fi ci min rai. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Ni kuwa ina ganin ma'aikaciya ta zo awo sau ɗaya, a tsaitsaye, idonta na kan agogon bango, tana roƙon a shigar da ita gaban layi don kada a ga ba ta nan. Wata ma ɗaure cikin take yi da zani har wata shida, don ta san ranar da aka gane ranar za a sallame ta. Sai ta zo mana da ƙafafu a kumbure, jini ya hau, muna ta faman ceto rai biyu. Haba Hajiya, ke ma kin yi ciki, kin san yadda abin yake! Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a shekarar 2000, ta sa hutun haihuwa aƙalla mako 14, ta kuma ce lokacin da uwa ta ɗauka ta shayar da jariri a lissafa shi cikin lokacin aiki, a biya ta. In mako 14 ya yi miki nauyi a yanzu, rabin yinin awo fa? Shi ma sai an yanke?

Ga masu tarin fuka. Maganinsa wata shida ne ba fashi. Lebura zai sha na wata biyu, ya ji sauƙi, ya ga kowane zuwa karɓar magani asarar kuɗin yini ne, sai ya daina. Ciwon ya dawo, wani lokaci ya dawo da taurin da ba ya jin maganin farko. Shi kuwa wanda aka hana zuwa gwaji tun farko, a ina yake tari? A ɗakin aikinka, kusa da sauran ma'aikatanka, kusa da kai.

Na san da yawanku mutanen kirki ne, wallahi na sani. Na ga mai gida ya zo da kansa cikin dare ya biya kuɗin tiyatar direbansa ko a jikinsa. Allah ya saka da alheri. Amma abin da ke ɗaure min kai shi ne, wannan mutumin da ya buɗe hannu ranar da direba ya faɗi, shi ne ya ce masa "bari sai an rage aiki" sau uku lokacin da ya nemi izinin zuwa a duba shi. Rabin yini aka hana, aka zo aka biya kuɗin gado na mako biyu.

Kullum amsar ɗaya ce: "Ai wasu ƙarya suke yi." E, akwai masu yi. Muna ba da takarda mai hatimi da kwanan wata, ku nema. Saboda maƙaryaci ɗaya ba za a hana mutum ashirin ganin likita ba.

Sannan ga tsawon lokacin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai gadin da ke yin awa 12 kullum ba ranar hutu, awa 84 ke nan. Yaushe zai zo asibiti, in ba a kan keke ba?

Ƙungiyoyi ma ban ƙyale ku ba. Kuna shirya gwajin lafiya kyauta, madalla, amma sai ku sa shi ƙarfe goma na safe ranar aiki, a zaure mai sanyi, ma'aikatan dindindin su cika kujeru. Masu shara da masu gadi da 'yan wucin-gadi suna waje suna jera muku kujerun. Waɗanda suka fi buƙatar awon su ne ba a kira ba. Mu ma a asibiti muna da namu laifin, layinmu na cinye wa mutum yini guda, kuma muna ta magana a kan a riƙa buɗewa da yamma.

Abin da za ku iya farawa da shi gobe:

- Rabin yini a wata na zuwa asibiti, da cikakken biya, ga kowa, har ɗan kuɗin yini.
- Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai tarin fuka: a sa ranakun asibitinsu a jadawalin aiki.
- In akwai inshora, a fara rajista daga mai gadi a hauro sama.
- Kwangilar shara ko gadi, a rubuta wannan sharaɗi a ciki kafin a sa hannu.
- Ranar hutu ɗaya a mako.
- Ku kira mu mu zo wurin aiki mu auna jini, awon bai kai minti biyar ba.
- Ciwon ma'aikaci sirrinsa ne, kada ya zama hirar ofis.

An sallami Baba jiya, yana jan ƙafa. Ɗansa ne ya zo ɗaukarsa, sanye da rigar gadin uban, don shi aka ba ƙofar. Na zaunar da shi na auna shi kafin su tafi, na ga nasa ma ya fara hawa. Na rubuta masa ranar dawowa. Ya duba katin ya ce, "Malama, zan tambayi oga."