Zanen pivot

Zanen pivot, wanda Microsoft ke kira PivotChart, zane ne na ginshiƙai ko layuka ko da'ira da manhajar lissafi ke fitarwa daga teburin pivot, wato teburin da ke tattara dogon jerin bayanai ya taƙaita su rukuni-rukuni. Zanen ba ya cin gashin kansa. Duk abin da aka tace ko aka juya a teburin, nan take yake bayyana a jikinsa, shi ya sa galibin matsalolinsa daga teburin suke tasowa ko daga ainihin bayanan.

Tarihi

Ana danganta dabarar teburin pivot ga Pito Salas na kamfanin Lotus, wanda ya fara aiki a kanta wajen 1986. Daga nan aka samu manhajar lissafi ta Lotus Improv, da ta fito a 1991 a kan kwamfutocin NeXT. Improv ba ta yi kasuwa sosai ba, amma tunaninta na raba bayanai da yadda ake kallonsu ya ɗore. Microsoft ta sa nata teburin, mai suna PivotTable, cikin manhajarta ta lissafi Excel 5.0 a ƙarshen 1993 ko farkon 1994. Zanen da ke haɗe da teburin kuwa sai a Excel 2000 ya zo. Manhajar lissafi ta LibreOffice Calc ta samu nata zanen a 2017.

Matsaloli da gyaransu

Excel kan ɗauki kwafin bayanan ta ajiye a gefe, teburin kuma daga kwafin yake karatu. In an gyara lamba a tushe, wato a ainihin bayanan, zanen ba zai motsa ba sai an danna maɓallin sabuntawa, wato Refresh, ko Alt+F5. Sababbin layukan da aka ƙara a ƙasa ma ba sa shiga in sun wuce iyakar da aka zaɓa tun farko.

A shagunan buga takardu na Samaru da Kongo, inda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke kai bayanan bincikensu, ana iya cin karo da matsalar bambancin rubutu. Wani ya rubuta Zariya, wani Zaria. Wani Sabon Gari, wani Sabongari. Wani Ƙofar Doka da lanƙwasa, wani babu. Manhajar tana ɗaukar kowanne abu daban, sai ginshiƙi ɗaya ya rabu biyu. Haka nan in aka rubuta N5,000 da harafin a gaba, ta ɗauke shi kalma, sai ta ƙirga yawan layuka maimakon ta tara kuɗin. Kwanan wata da ya shiga a matsayin kalma shi ma ba ya haɗuwa wata-wata. Maganin duka a tushe yake: a daidaita rubutun, a cire harafin, sannan a sabunta.

Layin tsaye a cikin bayanan tushe marar suna a kansa yakan hana teburin ginuwa gaba ɗaya.

Iyaka

Excel ba ta yarda a yi zanen ɗige-ɗige na XY ko na kumfa ko na hannun jari daga teburin pivot kai tsaye. Masu buƙatarsu kan kwafe alƙaluman zuwa wani wuri su yi zane na gama-gari.